Tsohuwar Bindigar Fenti Mai Ɗanawa da Hannu: Asalinta da Yadda Ake Gyara Ta Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Bindigar fenti ba don wasa aka fara ƙera ta ba. Kamfanin Nelson Paint Company da ke jihar Michigan a Amurka fenti yake sayar wa ma'aikatan gandun daji, waɗanda ke sa alama a jikin itatuwan da za a sare. Wata bishiyar tana tsallaken rafi, wata tana kan gangare, hannu ba ya kai mata. Makiyaya ma suna son sa wa saniya shaida ba tare da sun kutsa cikin garke ba. Sai Charles Nelson ya kawo dabarar ɗura fenti cikin kwanson gelatin irin na kafso, a harba shi daga nesa ya fashe a jikin abin da ake nufi. Kamfanin Crosman ne ya fara ƙera musu bindigar a shekarun 1960, mai lamba 707, amma ba ta yi kasuwa ba. Daga baya kamfanin Daisy ya karɓi aikin, injiniyansa James Hale ya zana wadda ta fito a 1972 da sunan Nel-Spot 007.

Wannan 007 ɗin ce mutum goma sha biyu suka ɗauka a watan Yunin 1981, a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire, suka yi wasan farko na harbin juna da ƙwallon fenti, wanda ake kira paintball. Charles Gaines da Hayes Noel da Bob Gurnsey ne suka shirya shi. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin daji ne, kuma ya tattara tutocin da ake tseren tarawa a wasan bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Mujallar Sports Illustrated ta buga labarin a watan Oktoba na shekarar, Gurnsey ya kafa kamfanin National Survival Game, daga nan wasa ya bazu.

Ita 007 ta asali da hannu ake juya sakatarta a ja baya a tura gaba, kuma wannan na cin lokaci idan abokin karawa ya taso maka. 'Yan wasa da kansu suka fara ɗaura mata mariƙi a kewayen bututu, wanda ake ja da hannun hagu a ɗana ta ba tare da an sauke ta daga saiti ba. To ka ga tun ranar farko gyaran hannu ne ya haifi wannan nau'in bindiga, ba masana'anta ba. A ɗaya gefen kuma, kamfanin Pursuit Marketing ya sa masana'antar Benjamin Sheridan da ke Racine a jihar Wisconsin ta ƙera masa ƙaramar bindiga ta tagulla mai suna PG, wadda da aka sa mata mariƙin ja ta koma PGP. A kan waɗannan biyun kusan duk abin da ya biyo baya ya ginu. Phantom da Mike Casady ya fitar a 1987 jinin Nelson ce, haka Bushmaster. Sniper ta Bud Orr, wadda ta zama uwar Autococker, bindigar fenti mai ɗana kanta, tsarin Sheridan ta bi. Glenn Palmer kuwa a Sacramento ya yi suna ne wajen mayar da tagullar Sheridan abin da masana'antar ba ta taɓa tunani ba.

Ra'ayina a kan gyaran waɗannan bindigogi ɗaya ne, kuma a kansa na jera matakan da ke tafe. Ba ƙarfi ake nema ba, domin ƙarfi yana da iyakar da ba a tsallakewa. Abin da ake nema shi ne harbi ya daidaita, 'yar kwalbar gas ɗin CO2 da ke tura ƙwallon ta daɗe, sannan duk gyaran da za a iya warwarewa a yi shi kafin a kusanci wanda ba ya warwaruwa. An daina ƙera 007 da PGP, wadda aka yanka ta yanku ke nan.

Mataki na farko: san gidan da taka ta fito

Tsarin Nelson bututu ɗaya ne ke ɗauke da komai a jere. Idan ka ja mariƙi baya, sakata tana komawa ta matse babban sifirin har ta haɗu da guduma, wata ƙugiya ta sarƙe su. Ka tura gaba, su biyun su tafi tare, sakata ta tura ƙwallo cikin bututun harbi. Da ka taɓa kunama sai ƙugiya ta saki, guduma ta koma baya da ƙarfi ta bugi siririn bututun gas, bawul ya buɗe, gas ya bi ta tsakiyar sakata ya fitar da ƙwallo. A 007, kwalbar gas tana cikin mariƙin hannu.

Tsarin Sheridan hawa-hawa ne. A PGP bututu uku ne aka like da dalma: na sama rumbun ƙwallo, na tsakiya na harbi da sakata, na ƙasa kuma shi ke ɗauke da kwalbar gas daga gaba, bawul a tsakiya, guduma a baya. Nan guduma gaba take tafiya, ta bugi sandar bawul, gas ya haura ta wata 'yar kafa ya shiga sakata. Akwai wani bambanci da zai shafi aljihunka: tsofaffin Sheridan bawul ɗinsu a like yake cikin bututu, sai da mabuɗi na musamman ake ciro kayan cikinsa, kuma da zoben dalma ake toshe shi. Na baya-bayan nan bawul ɗin guda ne da ake zarowa gaba ɗaya. Ka tabbatar da wanda kake da shi kafin ka sayi kayan gyara, don ba sa shiga wa juna.

Mataki na biyu: abin da za ka tanada kafin ka kwance sukuru ko ɗaya

Makarin fuska na wasan fenti, mai shaidar ASTM F1776, shi ne kan gaba. Ƙwallon yana da faɗin inci 0.68, wato kusan milimita 17, nauyinsa kusan giram 3, kuma yana fita da gudun da ke iya tsiyayar da ido nan take. Gilashin walda ko na babur ba ya maye gurbinsa. Duk lokacin da gas ke cikin bindiga, ko babu ƙwallo a ganinka, makari na fuskarka, haka duk wanda ke ɗakin.

Na biyu na'urar auna gudun ƙwallo. Iyakar da duniyar wasan ta amince da ita ƙafa 300 ce a daƙiƙa, kimanin mita 91, kuma filaye da yawa suna tsayawa a 280. Kunne ba ya auna wannan. Wanda ba shi da na'urar ya tsaya a wanki da canza robobi, ya bar sifirin yadda ya same su har sai ya je filin da ke da ita.

Sauran kayan ba su da yawa: alanki na ma'aunin inci, domin sukurorin Amurka ne kuma na milimita zai cinye musu kai, sukundireba mai faɗin da ya dace, tsinken roba ko na katako don ciro zobba, tsumma mai tsabta, man bindigar fenti wanda ba na fetur ba, da faranti mai zurfi.

Sai maganar hukuma, wadda ba a wasa da ita. PGP baƙa daga nesa ba ta da maraba da bindigar gaske. Kowace ƙasa da dokarta. A Jamus misali, sai wanda ya kai shekara 18, kuma dole ƙarfin harbin ya tsaya ƙasa da jul 7.5 da hatimin harafin F a jiki. Wanda ke Najeriya ko Nijar ko Ghana ya tambayi hukumar kwastam da 'yan sanda kafin ya yi odar ta daga waje, ya riƙe takardunsa, ya riƙa ɗaukar ta cikin jaka a rufe babu gas a ciki, kuma kada ya fito da ita a unguwa ko da wasa.

Mataki na uku: kwancewa da wanki

Zazzage ƙwallaye, ka harba a wuri amintacce har gas ya ƙare, sannan ka cire kwalbar. Idan murfin kwalbar ya ƙi juyawa da hannu, yawanci alama ce akwai sauran gas a bayansa. Kada ka sa filaya, ci gaba da ɗanawa kana harbawa har ya saki da kansa.

Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. A Sheridan, sukurun baya na mariƙin hannu shi ne ke riƙe da toshiyar da sifirin guduma ke turawa, don haka ka danne ta da babban yatsa yayin da kake kwancewa, in ba haka ba ta yi tsalle. Akwai kuma ƙananan ƙwallayen ƙarfe da siraran sifirin a jikin sakata da wajen makullin kunama, waɗanda ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Dabarar da ta fi ita ce ka sa hannuwanka da bindigar cikin farar leda babba, ka zare sakatar a ciki. Abin da ya yi tsalle yana nan cikin ledar.

Abin da za ka tarar a ciki kusan iri ɗaya ne a kowace tsohuwa: busasshen fenti ya yi ɓawo a bakin rumbu, tsohon mai ya koma danƙo mai ruwan ƙasa, kore-kore a jikin tagulla, wani lokaci tsatsa a guduma. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa ga fentin zamani, domin tun ƙarshen shekarun 1980 aka bar mai haɗin mai aka koma wanda ruwa ke wankewa. Ka shanya komai ya bushe sarai. Guduma da sakata a goge su da samfefa mai laushi sosai, lamba 1000 zuwa sama, har su yi santsi. Amma gefen da ƙugiya ke kamawa kada ka taɓa shi da samfefa ko magagari. Idan wannan kusurwar ta zagaye, bindiga za ta riƙa tashi da kanta, kuma wannan hatsari ne.

Mataki na huɗu: robobi

Canza su duka a lokaci ɗaya, har wanda ya yi kama da mai lafiya. Roba mai shekara talatin ta gama aikinta. Inda gas ke taɓawa kai tsaye a sa zoben yuretan, domin baƙar roba ta gama-gari tana shan gas ɗin ta kumbura. A shafa wa kowane zobe ɗigon mai kafin a sa. Man inji da giris na mota suna cinye roba, a nisanta su.

Bayan ka haɗa, sa sabuwar kwalba, ka ɗana kafin ka huda ta don guduma ta sauka daga kan bawul, sannan ka saurara. Idan iska na fita ta bakin bututun harbi, robar da ke toshe bawul ce ba ta zauna ba, ko datti ya shiga ƙarƙashinta. Idan daga wajen kwalbar take fita, robar bakin allurar huda ce. Inda kunne ya kasa, yi yadda mai faci ke yi da tayar babur: shafa ruwan sabulu a mahaɗa, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar. Sau da yawa ɗigon mai a kan kwalbar da harbi biyar ko shida babu ƙwallo sun isa su zaunar da sabuwar roba.

Mutane da yawa a nan ya kamata su tsaya su yi wasa da ita tukuna. Bindigar da aka wanke aka sabunta robobinta takan warke daga rabin cututtukan da ake shirin yanka ta dominsu.

Mataki na biyar: ƙwallo da bututu

Ƙwallayen yau sun fi na da ƙanƙanta kaɗan, bututun da kuwa an yi shi ne don na da. Sakamakon haka, ka ɗana ka sunkuyar da baki, sai ƙwallo ya gangaro ya faɗi a ƙafarka, ka harba iska. Gwajin mai sauƙi ne. Sa ƙwallo a gindin bututu. Wanda ya dace zai tsaya, kuma hurawa ɗaya da baki za ta fitar da shi. Wanda ya zube da kansa ya yi ƙanƙanta, gas zai riƙa wucewa ta gefensa.

Fara da maganin da ba ya barin tabo. Nemi ƙwallo mafi girma idan akwai. In babu, ɗigo biyu ko uku na jan farce a cikin bututu, gaba kaɗan da inda ƙwallo ke zama, ko ɗan yankin salatif na lantarki, za su riƙe shi, kuma ana kankare su duk ranar da aka so. Magani na dindindin iri biyu ne. Shagon Palmer ya shahara da dannan wasu ƙananan tudu uku a jikin bututun tagulla daga waje, masu riƙe ƙwallo. Ko kuma a rarake gindin bututun a injin don ya karɓi bututun saƙawa masu faɗi daban-daban irin na samfurin Freak. Dukansu aikin gwani ne mai injin sassaƙa ƙarfe, kuma babu komawa.

Wata 'yar magana a gefe: kwanson ƙwallon gelatin ne, ana kuma samun gelatin daga fata da ƙashin shanu ko na alade. Wanda abin ya dame shi ya tambayi mai sayarwa.

Mataki na shida: sifirin, inda ainihin aikin yake

Sifirin biyu ne ke jayayya a cikin kowace irin wannan bindiga. Na guduma yana son buɗe bawul, na bawul tare da matsin gas suna son rufe shi. Daidaiton da ke tsakaninsu shi ke yanke yawan gas da zai fita a kowane harbi. Kwalbar giram 12 ce kawai jarinka, don haka duk ɗigon da ya fita bayan ƙwallo ya bar bututu asara ne.

Ga yadda ake bi. Sa sabuwar kwalba, ka harba a kan na'ura kana barin daƙiƙa goma tsakanin harbi da harbi, kana rubuta kowace lamba a takarda har gudun ya faɗi ƙasa da 220 ko makamancin haka. Wannan takardar ita ce ma'auninka. PGP da ba a taɓa ba takan ba da harbi mai amfani wajen ashirin da wani abu, wadda aka daidaita da kyau kuma tana iya haura talatin. Sannan ka canza abu ɗaya tak, ka maimaita da sabuwar kwalba. Idan ka canza biyu tare, ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Idan gudun ya haura 300, sa sifirin guduma mai laushi. Idan ya yi ƙasa sosai, ƙara masa ƙarfi kaɗan, ko ka sa siririn wosha a bayansa. Idan kana jin ƙarar harbin tana ja kamar "burrr" maimakon "tas" guda ɗaya, guduma ce ke dawowa tana sake bugun bawul, kuma nan gas ɗinka ke tafiya. Maganinsa sifirin bawul mai ɗan tauri, ko guduma marar nauyi. Kada ka yanke sifirin asali. Sayi jerin na gwaji, ka ajiye na asalin cikin leda da rubutu a jiki.

Gyara mafi amfani da za ka yi wa tsohuwar Sheridan shi ne maye toshiyar baya da mai sukurun daidaita gudu. Juyi kaɗan da alanki ya matse ko ya sassauta sifirin guduma, ba sai ka kwance komai ba, kuma tsohuwar toshiyar tana komawa wurinta duk ranar da ka ga dama. A gidan Nelson, sakata mai sukuru a cikinta ce ke wannan aikin, irin wadda Phantom ke zuwa da ita. Wasu gwanaye suna faɗaɗa kafar da gas ke bi daga bawul zuwa sakata, ko su rarake cikin bawul. Yana aiki a hannun wanda ya sani, amma ɓangare ne mai riƙe matsi, ban yarda mai koyo ya sa masa abin huda ba.

Ga mai karatu a ƙasashenmu, zafi babban lamari ne. Gas ɗin da ke cikin kwalbar ruwa-ruwa ne, matsinsa na bin yanayi. A digiri 21 yana wajen 850 a ma'aunin psi, a digiri 31 ya haura 1,000, daga nan kuma yana hawa da sauri. Bindigar da aka saita 280 da sanyin safiya a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu tana iya tsallake iyaka kafin azahar. A sake aunawa da rana. Masu ƙera kwalaben suna gargaɗin kada su wuce digiri 49, kuma motar da aka rufe a rana tana wuce haka cikin sauƙi. A ajiye su a inuwa. Ƙwallaye ma haka: laimar damina na kumbura su su yi laushi, sanyin hunturu na sa su fashe tun cikin bututu. A bar su cikin ledarsu a ɗaure.

Mataki na bakwai: saurin hannu da ado

Bayan harbi ya daidaita, sai a duba abin da ke ɓata lokaci a fili. Murfin kwalbar PGP na asali yana da zare mai tsawo, ana daɗewa ana murzawa. Akwai murfin sauri da ke fita da juyi kaɗan. A 007 kuma 'yan wasa sun daɗe suna maye sukurun gindin mariƙi da babban mazagi da yatsu ke kamawa. Toshiyar rumbu ana canza ta da wadda ke karɓar bututun ƙwallo goma kai tsaye. Sakatar robar delrin ta fi ta ƙarfe sauƙin ja. Duk waɗannan da sukuru suke shiga, da sukuru suke fita.

Kafin ka wuce nan, ka yanke shawarar irin wasan da za ka yi. A tsakiyar shekarun 1980 'yan wasan Kalifoniya suka fara ɗaura manyan tukwanen gas da rumbun da ke zubo ƙwallo daga sama, aka huda PGP da 007 masu ɗimbin yawa don haka. Martanin masu son tsohon salo shi ne rukunin da ake kira stock class: kwalbar giram 12 kawai, rumbu a kwance a kan bututu, sai ka karkata bindiga ƙwallo ya gangaro kafin ka ɗana. Idan ka huda taka ka like mata maƙogwaron rumbu, ta fita daga wannan rukunin, darajarta wajen masu tarawa ma ta faɗi. Ni dai ina ganin wanda ke son ruwan ƙwallaye ya sayi ta zamani, ya bar wannan yadda take.

Ado na ƙarshe. Marufin mariƙi na katako yana da kyau kuma ba ya cutar da komai, kafinta mai haƙuri zai sassaƙa maka idan ka ba shi na asali ya kwatanta. Cire baƙin fentin Sheridan don tagulla ta fito abu ne da mutane ke so ƙwarai, kuma gaskiya tana ɗaukar ido. Idan fentin asali na nan lafiya, a bar shi. Idan ya riga ya kwaile, a cire da maganin cire fenti bayan an fitar da duk robobi, a bi da samfefa da ruwa daga lamba 400 zuwa 2000, a ƙarasa da Brasso da tsumma. Wuta kuwa kada ta kusance ta, injin gogewa ma a yi hattara da shi, domin dalmar da ta haɗa bututun uku ba ta jure zafi, tana narkewa su rabu. Tagullar da aka goge za ta dusashe da gumin hannu cikin 'yan makonni, sai dai a riƙa sabunta gogewar ko a shafa mata kakin mota.

Bayan kowane wasa a cire kwalbar gas ko da saura a cikinta, don barin ta na danne robar allura har ta lotsa. A zura tsumma cikin bututu, a ɗiga mai a sakata, a sauke guduma don sifirin ya huta, sannan a ajiye ta tare da ledar kayanta na asali.